Kakana Da Sabon Fastonmu

Majami'ar ƙauyenmu ta girmi mahaifina. Kakana ya ce shi da sa'o'insa ne suka kwaɓa ƙasar da aka gina ta, lokacin suna samari. Asalin abin kuwa daga mahaifinsa ne, wanda ya yi jinya a asibitin kutare na Babbar Ruga, kusa da Katsina, inda Turawan mishan na SIM suka kama aiki a shekarun 1930. A can ya koyi karatun boko, ya komo gida da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, ya riƙa tara mutane a gindin tsamiya. Bayan ikkilisiyoyin SIM sun haɗu sun zama ECWA a 1954, 'yan gindin tsamiyar nan su ma suka shiga ciki. Littafin yana nan wurin Kaka har yau, a nannaɗe cikin tsumma.

Amma ni da na tashi ban tarar da majami'ar da ake ba ni labari ba. Ran Lahadi in an buga ƙarfen motar da ke rataye a bakin ƙofa, sai ka ga tsofaffi da ƙananan yara kaɗai. Samari sun tafi Kano da Kaduna neman kuɗi. Waɗanda suka rage kuwa sai su hau babur su nufi cikin gari, inda akwai sabon coci mai ganga da lasifika. Ni kaina, in faɗi gaskiya, gyangyaɗi nake yi tun kafin a soma wa'azi.

Ana nan sai majalisar gunduma ta aiko mana da sabon fasto, matashi, bai daɗe da gama makarantar tauhidi a Kagoro ba. Bai yi wata guda ba ya tara mu yara, ya kafa ƙungiyar mawaƙa, ya sayo ganga biyu da kuɗin aljihunsa. Murna wurinmu ba a magana. Ranar da muka fara kaɗa su a sujada, Kaka, wanda shi ne babba cikin dattawan ikkilisiya, ya miƙe da sandarsa ya fita, dattawa biyu suka bi bayansa. Lahadi uku bai taka majami'a ba. A gida ma in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Wannan ya dame ni ƙwarai, don ni ce 'yar gaban goshinsa, ga shi kuma ni ce mai bayar da waƙa.

Mu dai a ganinmu taurin kai ne irin na tsofaffi. Wasu samari har suka ce wa Fasto ya rabu da su, ai ba su ne gobe ba. Bai bi tasu ba. Wata ranar Talata da yamma ya zo gidanmu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna ƙasa.

Ya ce, "Baba, na yi gaggawa. Na shiga gida ban yi sallama ba. Ina roƙo ku gaya mini abin da na taka."

Kaka ya yi shiru har na ɗauka ba zai tanka ba. Can ya ce, "Ɗan nan, ka san gidan da ubana ya fito? Gidan bori ne. Da garaya da ƙwarya ake kiran iskoki a tsakar gidanmu. Ranar da ya karɓi baftisma ya bar kiɗa, danginsa suka bar cin abinci da shi. Yau kuma in ji kiɗa a ɗakin da na gina?"

Sai a ranar na san wannan labari, ni da nake kwana gida ɗaya da shi. Jikina ya yi sanyi. Ashe abin da muke ji waƙa, shi wani tsohon miki muke fama masa.

Fasto bai yi musu ba, bai kuma jawo aya ba, ko da yake na san yana da su a ka. Sai ya roƙi Kaka ya karanta musu wani wuri kafin su yi addu'a. Kaka ya kwance tsumma, ya buɗe littafin, ya riƙe shi a juye. Yana ta rufe masa ido tun tuni. Kowace Lahadi yana ɗaukar littafin zuwa sujada, yana buɗewa, ba wanda ya lura, har mu 'yan gida. Fasto ya dube ni ya ce, "Ke za ki riƙa karanta wa Baba kullum da yamma."

Daga nan ya bi gida gida, ya tarar tsofaffi da yawa haka suke. Ya raba mu, kowane ɗan mawaƙa da tsohonsa. Tsohuwar fassarar nan tana da wuya, sau da yawa nakan yi tuntuɓe, Kaka ya gyara mini da ka. In mun gama sai ya shiga ba ni labarin mutanen da suka ɗauko azarar majami'a a kai, da shekarar da fari ya hana su baiko sai da damin gero. Wasu yaran da suka koma cocin gari suka fara leƙowa, don tsofaffin da suke yi wa karatu suna cigiyarsu.

Maganar ganga kuwa sai da dattawa suka zauna sau uku. Aka tsaya a kan za a fara sujada da Littafin Waƙoƙi, baki kawai, sa'an nan mawaƙa su yi nasu, ranar Jibin Ubangiji kuma ba kiɗa sam. Mu yara mun yi gunaguni, ɗaya daga cikin dattawan nan biyu kuma har yanzu bai komo ba. Majami'ar ma ba ta cika ba tukuna, bencin baya har yau ƙura ce a kansu.

Kaka ya komo. Ya bar kujerarsa ta gaba ya koma bakin ƙofa, nesa da ganga, in an gama kiɗa ya matso. Da zan taho makaranta na miƙa wa ƙanwata aikin karatun. Da na je hutu ya kai mini ƙararta, wai tana karatu kamar ana korarta, in gaya mata ta riƙa tsayawa inda aka sa aya.