Kullen Iska na Motar Makaranta: Walda ko Gyara?

A cikin kayan makarantar nan babu wanda ya jawo gardama a taron malamai na bana kamar motarmu mai jan ƙafa huɗu. Ita ce ke ɗauko buhunan masara daga ƙauyuka, ita ke kai ƙungiyar mawaƙa wurin wa'azi, ita ce kuma ke fita da tsakar dare idan ciwo ya tasar wa ɗalibi a ɗakin kwana. Daga ƙofar makaranta zuwa bakin kwalta kuwa, kowa ya san halin hanyar a watan Agusta. Saboda haka da direba ya kawo ƙara cewa kullen aksul ɗin baya ya daina kamawa, ba mu bar maganar tsakaninsa da makaniki kaɗai ba. Mun ga ya dace mu bayyana wa ɗalibai da iyaye da 'yan ikilisiya abin da aka yi, gama da baikonsu ake riƙe da motar.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Idan mota tana shan kwana, ƙafar da ke waje takan yi tafiya mai nisa fiye da ta ciki. A ce tazarar da ke tsakanin ƙafafun biyu mita 1.5 ce, motar kuma ta zagaya da'ira guda cif. 'Yan aji uku za su iya ninka 1.5 sau biyu, su sake ninkawa da 3.14, su ga cewa ƙafar waje ta fi ta ciki tafiya da mita tara da ɗoriya. Domin wannan ne aka sa wasu giyoyi a cikin tulun nan da ke tsakiyar aksul, waɗanda makanikai ke kira dif, su ba kowace ƙafa damar juyawa da saurin da ya dace da ita. Dabara ce mai kyau a kan kwalta. A cikin taɓo kuwa sai ta zama cikas, gama ƙarfin da ƙafar da ke kan tsandauri za ta samu ba ya wuce wanda mai santsi ta samu. Sai ka ga taya ɗaya tana ta watsa laka, ɗayar tana tsaye cik.

Maganin wannan shi ne kulle. Namu da iska yake aiki. Kamfanin ARB na ƙasar Ostareliya, wanda aka kafa a birnin Melbon a 1975, shi ne ya fi yin suna da irinsa tun daga 1987. Direba ya danna makunni, ƙaramin injin iska ya tara iska, wani bawul mai aiki da lantarki ya sake ta cikin siririn tiyo har zuwa tulun. A can iskar ta tura wani zobe mai haƙora ya ɗaure giyoyin, ƙafafu biyu su zama kamar an haɗa su da sanda ɗaya. In an kashe makunnin iskar ta fita, sifirin ya mai da zoben wurinsa. Ƙarfin iskar da ake bukata ya kai 85 zuwa 100 a ma'aunin masu faci, wato kusan ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota.

Shawarar da ta fara zuwa ita ce a yi wa giyoyin walda, su kasance a kulle har abada, kowa ya huta. Ba mu ga laifin masu wannan ra'ayi ba, domin walda tana da araha, kuɗi kuma ba su wadata ba. Amma mun ƙi. Motar da aka yi wa haka, duk kwanar da ta sha a kan kwalta sai taya ta goga ƙasa, motar ta riƙa neman miƙewa alhali direba yana karya sitiyari, sandar aksul kuma tana murɗuwa har ranar da za ta karye. Tafiyar asibiti kuwa, bayan taɓon akwai kwalta mai tsawo da kwanoni, da mara lafiya a kwance a baya.

Makanikin da aka kira dattijo ne marar gaggawa. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gama saurare. Ya duba fis da wayoyi, ya danna makunni, muka ji bawul ya ce ƙas, alamar lantarki yana isa. Sa'an nan ya ce a yi shiru. Injin iska mai lafiya yakan cika ya tsaya. Namu yana tsayawa muddin kulle yana kashe, amma da zarar an kunna sai ya riƙa tashi bini-bini. Daga nan ya gane cewa yoyon yana gaba da bawul, tsakaninsa da tulun. Ya aiki wani ɗalibi ya kawo ruwan sabulu daga kicin, ya bi tiyon yana shafawa, musamman inda ya gitta kusa da salansa da inda yake gogar ƙarfe, domin zafi da gugar ƙarfe da haƙorin ɓera su ne manyan abokan gāban wannan tiyo. Ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba.

Sai ya koma kan ɗan bututun nan da ke saman aksul, wanda aksul ke numfashi ta cikinsa. Busasshiyar laka ta toshe shi. Da ya share shi, aka kunna kulle, muka ji iska tana fita ta nan tana huci, ga warin man giya. Ashe a cikin tulun ne iskar ke zurarewa. Sai a wannan lokaci ne ya yarda a buɗe.

An sa duwatsu a ƙafafun gaba, aka ɗaga baya da jak, aka tokare da ƙafafun ƙarfe, gama ba a shiga ƙarƙashin mota bisa amincin jak kaɗai. Man da aka tsiyaye ya yi fari-fari kamar kunu, shaidar ruwan rafi ya shiga ciki. Kafin ya kwance murafun boris ya yi wa kowanne alama, na dama da na hagu, domin ba a musanya su. A gefen dif akwai wani zoben ƙarfe da siririn bututun jan ƙarfe ke kawo wa iska. Shi a tsaye yake, dif ɗin ne ke juyawa a cikinsa, 'yan zobban roba guda biyu kuma su ne ke tare iskar. Ruwa da yashi sun cinye su, ɗaya har ya tsage. Duka biyun ba su cika tafin hannu ba, su ne kuwa suka kusa sa a ƙona giyoyi da wutar walda. Haƙoran kullen lafiya lau suke.

Sababbin zobban sun ɗauki kwanaki kafin su iso daga birni. Ya shafa musu mai, ya zura su a hankali don kada su murɗe, ya lanƙwasa bututun jan ƙarfen nesa da babbar giya. Kafin ya rufe ya cika kullen da iska, ya zuba wa allurar ma'auni ido har ya tabbata ba ta sauka ba. Ya auna ratar da ke tsakanin haƙoran babbar giya da ƙaramar ya mai da ita yadda ya same ta, gama in ta yi yawa ko ta yi kaɗan aksul zai riƙa kuka. Bututun numfashin kuma ya ƙara masa tiyo, ya ɗaure bakinsa can sama inda ruwan rafi ba zai kai ba.

Gwajin ƙarshe a gaban ɗalibai aka yi shi, motar tana ɗage, an saki birkin hannu. Tana cikin giya, kulle a kashe, aka juya ƙafar dama gaba, ta hagu ta juya baya. Aka mai da giya firi, aka kunna kulle, ƙafafun suka juya tare gefe ɗaya, injin iska kuma bai sake tashi ba. Direba zai riƙa kunna kullen sau ɗaya a wata ko da rani ne, ya duba launin mai duk lokacin da motar ta ƙetare ruwa mai zurfi. An kuma manna takarda kusa da makunnin: a kunna kafin a shiga taɓo, kada a danna shi taya tana cikin juyawa a banza, a kashe da zarar an hau kwalta.