Tsohon Littafi, Kyanwa Da Maƙwabciyata Goggo

Yau labarin kaina na zo miki da shi, kuma a cikinsa akwai wani abin kunya da na aikata, wanda na daɗe ina nauyin faɗa. Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali har ƙarshe.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne, bai bar mana gida ko gona ba. Da aka zo rabon ɗan abin da ya bari, sai ga wata tsohuwar adaka a ɗakin ajiya, wadda yayyena maza suka buɗe suka rufe, suka ce tarkacen takardu ne. Ni na ce a ba ni ita a cikin rabona. A ciki na sami Magana Jari Ce littafi na ɗaya zuwa na uku da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina mai labarin 'yan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗannan biyun duk bugun 1982. A ƙasa kuma ga na Turanci irin waɗanda samarin zamaninsu suka yi yayi, na James Hadley Chase da na wata Baturiyar Ingila mai suna Agatha Christie. Sai dai gindin adakar ya yi tsatsa ya huje, ɓeraye sun shiga sun yi ɓarna, domin kuwa tun muna yara Innarmu ta sa aka kori kyanwar gidan, saboda an ce mata maguna na jawo iskokai.

Ina makarantar horon malamai na fara karanta na Agatha. Wannan mata ta rayu daga 1890 zuwa 1976, ta rubuta littattafan binciken laifi guda 66. Wanda ya kama ni shi ne And Then There Were None, bugun 1939. An gayyaci mutum goma zuwa wani tsibiri, kowannensu na da wani alhaki da ya binne, sai suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali babu kowa a tsibirin sai su. Na raba dare ina karantawa da fitilar ƙwai, gabana na faɗuwa, ina zuwa inda za a warware mai kisan sai na tarar ɓera ya cinye shafukan ƙarshe ƙaf. 'Yar uwa, wallahi har hawaye na yi. Na san da zan tambaya a ba ni amsa a baki da na samu, amma na ƙudurta sai na karanta da idona a takarda, kamar yadda Baba ya karanta.

Neman wannan littafi shi ya mai da ni mai tara littattafan gwanjo. Bayan na yi aure, duk sanda maigida zai shiga kasuwar Sabon Gari a nan Kano sai na roƙe shi ya tafi da ni wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Wanda nake nema ban samu ba, amma ban taɓa dawowa hannu rabbana ba. Maigida kan yi min tsiya ya ce, sauran mata na tara kuloli da atamfofi, ni kuwa abincin gara nake tarawa. Gobarar da ta ci kasuwar a watan Maris na 2016 ta lashe kayan wani dattijo da na saba saye a wajensa, na ɗauka shi ke nan, sai ga shi bayan wani lokaci ya sake baza 'yar tabarmarsa a bakin titi.

To, a layinmu akwai wata tsohuwa da muke kira Goggo. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, tana zaune ita kaɗai da magunanta bakwai. Kin san halinmu mata. Aka fara da cewa me tsohuwa ke yi da maguna haka, aka koma cewa da dare tana magana da su, daga nan wani yaro ya kwanta zazzaɓi aka ce an ga baƙin muzurunta a kan katangar gidansu. Kafin ki ce kwabo, sunan Goggo ya zama mayya. Ba a shiga gidanta, ba a kai mata goron biki ko na suna, in ta aiko da abincin Sallah sai a juye wa kaji. Ni kuma, malamar Islamiyya, wadda ke tsayawa gaban ɗalibai tana fassara musu Suratul Hujurat inda aka hore mu da bin diddigin labari da nisantar yawan zato, ban ce ita mayya ce da bakina ba, amma na hana 'ya'yana bi ta ƙofar gidanta, kuma in ana zancen a gabana shiru nake yi. Shekara uku muna haka.

Wata rana dattijon nan mai littattafai ya ce min, "Malama, kin makara. Abin da kike nema ya zo watan jiya, wata Hajiya 'yar unguwarku ta saye." Da ya siffanta min ita, mai farin tabarau, mai tsayawa wajen masu kifi ta sayi kawuna, sai jikina ya yi sanyi. Mako biyu ina saƙawa ina kwancewa, sannan na nemi izinin maigida na je na yi sallama.

Abin da na gani bai fita raina ba har yau. Tsakar gida a share tas, maguna na kwance a inuwar darbejiya, falo kuwa kanta uku cike da littattafai, ga Alƙur'ani a kan marufinsa kusa da darduma. Na gaishe ta ina sunkuyar da kai, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, shekara uku muna maƙwabtaka, sai littafi ne ya iya kawo ki?" Na rasa bakin magana. Ta yi murmushi ta ɗauko shi, amma ta ce kafin ta ba ni sai na faɗa mata wanda nake zargi da kisan. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, domin na shekara da shekaru ina tunanin abin. Da na je gida na karanta, ashe na yi kuskure, wanda na ɗora wa laifin ba shi da hannu ko kaɗan. Washegari da na mayar da littafin na gaya mata, sai ta ce, "Haka zato yake, 'yata, yana zuwa wa mutum da kamar gaskiya." A nan na durƙusa na nemi gafararta, ta ce ta yafe tun ban zo ba.

Goggo ce ta nuna min cewa masu son labarin bincike da masu son maguna sun daɗe da haɗuwa. Ta ba ni littattafan wata Ba'amurkiya, Lilian Jackson Braun, wadda ta fara a 1966 ta rubuta guda 29, duk a kan wani ɗan jarida da magunansa, inda muzurunsa mai suna Koko kan ture wani abu ko ya tona wani wuri, ta nan a gano bakin zaren. Ni kuma na tuna mata abin da na sani na kasa aiki da shi: cewa Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, saboda 'yar kyanwarsa ya sami wannan alkunya, cewa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, cewa Buhari da Muslim sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu.

Na san wata za ta ce, ina malama ina labarin kisan kai? Amsata ita ce, ban taɓa barin sallah ko aikin gida ko shirin darasi saboda littafi ba, kuma ba kowanne nake karantawa ba, wanda na ga batsa a ciki ajiye shi nake yi. Mai kyau daga cikinsu kuwa yana koya wa mutum kada ya yanke hukunci sai da hujja. Ki tuna a ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da duba inda riga ta yage aka gane mai gaskiya.

Yanzu mu shida ne muke haɗuwa a falon Goggo duk Asabar biyu bayan la'asar, har da uwar yaron nan da aka ce an kama, wanda ashe zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi. Kowa ta zo da abin da ta tsinto, mu yi musaya, mu yi gardamar wane ne mai laifi, 'yata kuma ta karanta wa Goggo na Hausa tun da idonta ya fara rauni. Bara da damina Goggo ta zame a banɗaki ta kasa tashi. Kukan muzurun nan a kan katanga ya sa 'yata ta leƙa, muka kai ta asibiti a kan lokaci. Nakan tambayi kaina, da a shekarun baya ne, wa zai shiga?

In kina sha'awar farawa, ga abin da wahala ta koya min. Kafin ki biya kuɗi ki fara duba shafin ƙarshe, ki bi lambobin shafuka, ki shinshina ko akwai warin danshi. Kada ki ajiye littafi a ƙasa ko jikin bango saboda gara, ki sa kafur a adaka, ki riƙa fito da su suna shan iska bayan damina. Ki buɗe ɗan littafin rubuta sunan mai aro, domin aron littafi ya sha ɓata zumunci. Ki karanta kafin ki miƙa wa yaro. In kuma za ki ajiye kyanwa, ki kai ta asibitin dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, ki ciyar da ita, kuma mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashinta, domin akwai cutar da kan iya shafar ɗan tayi ta nan. Tun da Goggo ta ba ni 'yar kyanwa ɗaya, ɓera bai sake taɓa min takarda ba.

Roƙona gare ki 'yar uwa, in akwai wata a layinku da aka ƙaurace wa saboda an ce an ce, ki nemi izinin maigida ki je ki gaishe ta a wannan makon, kada ki jira shekara uku kamar ni. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ƙara wa Goggo lafiya, Ya yafe mana abin da harsunanmu da shirunmu suka jawo. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.