Sa Hannun da Ya Hana Mu Tashi

A watan jiya na shafe awa huɗu zaune a filin jirgin sama, ina jiran tafiya Legas wajen wani taron ƙara wa juna sani. Dalilin da aka ba mu shi ne injiniya bai sa hannu a kundin jirgin ba. Fasinjoji suka yi ta ɓaɓatu, wani ma ya ce, yanzu takarda ce za ta ɗaga jirgi? Ni ma na yi tsaki, domin maƙalata ce ta farko a taron.

Sai dai jirgi ba ya da baki, kundin nan ne ke magana a madadinsa. Ba da shekaru kaɗai ake auna tsufansa ba; ana ƙidaya awannin da ya yi a sama, da yawan tashi da saukarsa, da kwanakin kalanda. Kowane sashe yana da wa'adin dubawa, kuma ma'aunin da ya riga cika shi ake bi. Matuƙin da ya karɓi jirgi da asuba bai ga aikin da aka yi cikin dare ba, abin da aka rubuta kawai ya sani.

Ina nan zaune sai hatsarin Jidda ya faɗo mini a rai. Ina ɗan firamare lokacin. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgi ƙirar DC-8 da Nigeria Airways ya ɗauko haya daga wani kamfanin Kanada ya taso da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyi suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Mun ce ajali, kuma haka ne. Amma bincike ya nuna tun kwana huɗu kafin ranar an san iskar wasu tayoyi ta gaza, aka sauya alƙaluman da ke rubuce. Da safiyar tashin makanike ya nemi a ƙara iska, aka ƙi jira saboda jirgi ya makara. Wato irin gaggawar da ta sa ni tsaki.

Da aka kira mu, na hango injiniyan a ƙarƙashin fiffike, kundin a hamatarsa, yana share gumi. Ban san sunansa ba. Maƙalar tawa kuwa washegari na gabatar da ita, mutum tara ne a zauren.