Daren Da Na Zauna A Majalisar Wani Ƙauyen Ingila



A ƙarshen shekara ta 2022 na kai ziyara wajen ɗana, wanda ke aikin jinya a ƙasar Ingila, yana zaune da iyalinsa a wani ƙaramin ƙauye. Kullum da la'asar ni ke raka jikata filin wasan yara. Wata rana muka tarar an ɗaure ƙofar filin da sarƙa, an manna takarda cewa katakon lilo ya ruɓe, an rufe wurin sai abin da hali ya yi. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Kaka, wa ya rufe mana?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Da daddare ɗana ya ce, "Baba, filin na majalisar farish ne. Za su zauna ranar Talata, sai mu je tare." Da na ji kalmar sai na noƙe, domin mu da muka yi karatu da Faransanci mun san paroisse da coci take tafiya. Ya yi mini bayani cewa asalin sunan daga can yake, amma wata doka ta 1894 ta raba sha'anin mulkin ƙauye da na coci. Tun daga lokacin majalisar ta zama ta kowa, ita ce matakin hukuma mafi kusa da talaka, kuma akwai irinta kusan 10,000 a Ingila.

Kafin ranar na tsaya gaban allon sanarwa na ƙauyen, na tarar an jera duk batutuwan da za a tattauna. Doka ce ta wajabta a sanar da zama aƙalla kwana uku cikakku kafin a yi shi, kuma a bar ƙofa buɗe ga duk mai son saurare. Ana zaɓen kansilolin ne duk bayan shekara huɗu, ba sa gaza biyar, kuma akasarinsu ba a biyan su ko sisi. Mai albashi shi ne magatakarda, wanda ke rubuta abin da aka yanke, ya kuma riƙe lissafin kuɗi.

Muka isa zauren taron ƙauyen cikin matsanancin sanyi. Babu dogari, babu kujerar alfarma. Cikin waɗanda ke bakin tebur na gane manomin da ke wuce mu da tarakta kowace safiya, da wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, wadda ita ce shugaba. Aka fara da tambayar ko akwai kansilan da ke da wata riba ta kansa cikin abin da za a tattauna, don ya tsame bakinsa. Daga nan aka bi batutuwa ɗaya bayan ɗaya: yankan ciyawar maƙabarta, gyaran rumfar jiran mota, da jerin masu neman fegin lambu. A nan na ji cewa tun daga wata doka ta 1908, idan mutum shida masu jefa ƙuri'a suka rubuta neman irin wannan fegi, dole majalisa ta duba buƙatarsu.

Na kuma ga iyakar ikonta. Wani ya kawo kukan ramukan hanya, aka ce masa hanya ta majalisar lardi ce, abin da za su iya shi ne rubuta wasiƙa. Izinin gine-gine kuwa na majalisar gunduma ne, su ra'ayi kawai suke bayarwa.

Sai aka zo kan lilo. Kuɗin majalisar yana fitowa ne daga wani ɗan kaso da take ɗorawa kan harajin gidaje, gunduma ta karɓo ta miƙa mata. Gyaran filin yana nufin ƙarin wannan kaso daga watan Afrilu. Wani tsoho ya miƙe ya ce fanshonsa da kyar yake isar sa ɗumama ɗaki, ga shi ba shi da yaro ko ɗaya a ƙauyen. Ban ga laifinsa ba, domin a shekarar kuɗin wuta da na iskar gas sun yi tashin da kowa ke kuka da shi. Ɗana ya miƙe, muryarsa na rawa, ya ce idan filin ya ci gaba da zama a rufe, yara bakin titi za su koma wasa. Aka ja, aka sassauta. A ƙarshe aka amince da ƙari kaɗan, a gyara lilo kawai a wannan shekara, sauran kayan wasan kuma iyaye su haɗa hannu da magatakarda wajen neman tallafi. Aka ɗaga hannu, aka ƙirga, aka rubuta. Ba wanda ya samu duk abin da yake so, amma ba wanda ya fita bai san inda kuɗinsa zai tafi ba.

A hanyar komawa gida kunya ce ta rufe ni. A nan Nijar mun zaɓi kansilolin kananan hukumomi a 2004, ni ma na bi layi na jefa ƙuri'a. Daga wannan shekara har zuwa 2024 da aka rushe majalisun, ban taɓa tambayar ranar da suke zama ba. Magudanar ruwan unguwarmu ta toshe damina bayan damina, ni kuwa iyakata gunaguni a bakin kasuwa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai sanin ba ya tare ruwa idan bai tashi ya faɗa inda za a ji shi ba.

Ba ina cewa tsarin Ingila ba shi da aibu ba. A ƙauyuka da yawa ba a samun isassun ƴan takara, sai majalisa ta cike gurbin da wanda ya yarda. Amma na ga yadda ƙaramin iko ke amfanar jama'a muddin lissafi yana fili, masu gida kuma suna halarta.

Bayan ƴan watanni ɗana ya aiko mini hoton jikata a kan sabon lilo. A makon nan na je zaman kwamitin iyayen yara na makarantar unguwarmu, karo na farko a rayuwata, na zauna a benci na baya, na ɗaga hannu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.