Ɗakin Ɗinki a Gidan Gado

Da ƙanwarmu ta fita takaba da marayu uku, dangi suka taru a gidanmu na Aboabo, a Kumasi. Aka ce a riƙa haɗa mata kuɗi duk wata. Ta yi godiya, ta ce a ba ta ɗakin ajiya da keken mahaifiyarmu kawai.

Muka share ɗakin. Muka girka keken Butterfly a gindin taga, domin baƙin yadi sai da hasken rana. Na ƙafa ne, ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa. Teburin yanka a tsakiya, dutsen guga a kusurwa nesa da atamfa. Zare da maɓallai a gwangwanayen Milo, almakashi a rataye inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kowane yadi da sunan mai shi a littafi, domin amana ce.

A aljihun keken muka tarar da hular da Hajiya ta fara, allura na soke. Ƙanwarmu ta ƙarasa ta. Bana, daga ɗakin nan kuɗin islamiyyar marayun ya fito, babbansu kuma da hular ya je idi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.