Baƙin Hunturu a Tabkunan Dakoro da Maraɗi

Wani abokina ma'aikacin gwamnati a Yamai, wanda muka yi lise tare a Maraɗi, ya samu konje na mako guda a watan Disamba, sai ya aiko mini da tambaya: ina za shi je ya kalli tsuntsayen ruwa ba tare da ya zubar da albashinsa a kuɗin jirgi ba? Ya taɓa zuwa aiki Senegal, aka kai shi gandun Djoudj kusa da bakin teku, inda kwasakwasa ke taruwa dubu-dubu, tun daga ranar abin ya shiga ransa. Na amsa masa cewa Nijar ba ta da teku, amma tsuntsun da ya ƙetare Sahara ruwa yake nema, ko na gishiri ne ko na tabki, kuma mu a jahar Maraɗi muna da namu rabo. Na ce ya same ni a Dakoro.

Daga Maraɗi zuwa Dakoro kimanin kilomita 120 ne ta hanyar Kornaka. Muka kwana, da asuba muka nufi tabkin Birnin Lalle, garin da tarihi ya sani a matsayin ɗaya daga cikin tsoffin biranen Gobirawa. Wani dattijo da muka tarar yana shayar da awaki ya dubi madubin hangen nesa da ke wuyan abokina, ya ce: "Samari, in shamuwa kuka zo gani, ai kun makara, ta tafi tun kaka." Na ce: "Baba, baƙin da suka zo bayanta muke nema." Gaskiyar dattijon ce. Shamuwa tana zuwa mana da farkon damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ruwa na ɗaukewa ta yi kudu. Lokacin ne kuma wasu ke saukowa daga Turai da Rasha, suna gudun sanyin da ke daskarar da ruwansu.

Kafin hantsi mun ga belbela da zalɓe, mun ga ladin kogi yana takawa da dogayen ƙafafunsa ja, zakaran ƙeƙuwa yana ta kuka a bakin gaɓa, ga kuma garken kirinjijiya. A cikinsu akwai ƴar ƙaramar agwagwar nan da Faransawa ke kira sarcelle d'été, wadda ke ƙyanƙyasa a arewacin duniya, ta zo ta yi hunturu a Sahel. Sai dai mai niyyar zuwa ya sani, tabkin yana janyewa yayin da rani ke matsowa, saboda haka Disamba da farkon Janairu sun fi dacewa. Ƙazamin buji ma yakan rufe gani, gara a fita da sassafe kafin iska ta taso.

Arewa da Dakoro, bayan an ƙetare kwarin Tarka, akwai tabkin Akadane da gandun dajin Gadabeji, a gundumar Bermo. An keɓe Gadabeji tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kula da halittunsu a 2017. A watan Nuwamban 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure aka sake su a can. Hanyar rairayi ce, sai kat-kat mai lafiya da isasshen mai, kuma ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun daji da rakiyarsu.

Wanda kwanakinsa ba su da yawa, tabkin Madarunfa ya fi masa sauƙi, don bai kai tafiyar awa guda daga Maraɗi ba, kuma ruwansa ba ya ƙafewa. A 2019 aka sa shi cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare fadamu da tabkuna da aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987. Can muka ƙare tafiyarmu, masunta suna jefa koma, zalɓe yana tsaye kusa da su yana jiran rabonsa. Mai komawa Yamai ta Tawa kuma yana iya ratsewa Tabalak, a kan hanyar Agadas, wanda ya shiga jerin tun 2005. A ko'ina dai a fara gaida mai gari, a tambayi jandarma halin hanya, musamman wajen iyaka, kada kuma a yi tafiyar dare.

Akwai abin da ya dame ni a wannan tafiya. Dattijon Birnin Lalle ya ce da ƙuruciyarsa gauraka ba abin mamaki ba ce a bakin ruwa. Mu kuwa kwana biyar muka yi ba mu ga ko ɗaya ba. An sare itatuwan gaɓa, yashi yana cike tabkuna kowace damina. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa makiyaya fili, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta. A Madarunfa kuma ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya a jahar Katsina.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan damuwar masu yawon buɗe ido ce kawai. Tabkin da tsuntsu ke sauka shi ne wanda makiyayi ke shayarwa, shi ne na masunci da mai lambun rani, daga nan kifi da tumatir da dabbobin kasuwar Dakoro ke fitowa. Belbela da farar shamuwar Turai suna cin fara, aikin da manomi zai biya kuɗin magani a kansa. Ɗan kasuwa da ma'aikaci duka suna da hannu a ciki, ɗaya yana sayen gawayi da itace, ɗaya yana sa hannu a takardar fili.

Abokina ya koma Yamai da sunayen tsuntsaye cike da ɗan littafinsa, ya yi alkawarin dawowa baɗi da ƴaƴansa. Allah ya sa su tarar da ruwa.