Kaifin Mahujin Ƙanƙara da Ran Mai Shi

A jihar Minesota ta Amurka, idan hunturu ya kankama, tafkuna kan daskare har mutane su kafa bukkoki a kansu. Kifin kuwa yana nan da ransa a ƙasa, domin ƙanƙara ta fi ruwa sauƙin nauyi, sai ta zauna a sama kamar murfi, ruwan da ke ƙarƙashinta ya tsira daga daskarewa. Mai son kifi sai ya huda wannan murfin. Abin da yake hudawa da shi dogon ƙarfe ne murɗaɗɗe, mai wuƙaƙe biyu a baki da mariƙi a sama. Ni ina kiransa mahujin ƙanƙara.

Na yi hunturu biyu a can, kuma wani dattijo maƙwabcina, wanda ya ƙare aikinsa a kafinta, shi ne ya riƙa ɗaukata zuwa tafkin Mille Lacs. A wurinsa na fahimci cewa mahuji yana da aiki biyu. Na farko shi ne buɗe ramin da za a zura ƙugiya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne gaya wa mutum ko abin da yake takawa zai iya ɗaukarsa.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana shawartar kada kowa ya taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, kuma wannan awon na sabuwar ƙanƙara ce garai-garai. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa a cikinta, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, saboda haka sai an ninka kaurin. Tafki ɗaya ma ba kauri ɗaya gare shi ba. Inda ruwa ke gudu a ƙasa, ko inda idon ruwa yake, ko inda dusa ta lulluɓe, ƙanƙarar kan yi siriri ba tare da ido ya gani ba. Shi ya sa hukumar ke cewa a riƙa hudawa ana aunawa aƙalla duk bayan ƙafa 150.

A nan kaifi yake shigowa. Mahuji mai kaifi yana cin ƙanƙara da kansa, aikinka kawai ka tsayar da shi sosai ka juya. Wanda ya dakushe kuwa zamewa yake yi a sama, sai ka danna da ƙirji, ka yi gumi cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Mutumin da rami ɗaya ya galabaitar da shi ba zai tsaya ya huda goma don gwaji ba. Zai ce ai nan ma kamar can ne, ya ci gaba da tafiya. Ta wannan ƙofar hatsari yake shiga.

Kula da shi ba ta da wuya, sai dai tana son naci. Wuƙaƙen an ɗaura su ne a wata kusurwa da aka auna, kuma ƙaramin bugu yana iya karkata ta. Don haka ba a buga bakinsa a ƙasa don kakkaɓe ƙanƙarar da ta manne, sai a kai shi wuri mai ɗumi ta narke. Ba a huda inda motoci suka bi, domin yashin da tayoyi suka bari yana cinye kaifi nan take. Idan ana gab da ɓullewa ruwa, sai a sassauta hannu, kada ƙarfen ya fizge. Da zarar an gama rami a mayar da kube, domin wuƙar da ke yanka ƙanƙara ba za ta ji nauyin safar hannu ko yatsa ba. A gida a goge shi ya bushe, a shafa masa ɗan mai saboda tsatsa. Dattijon nan ba ya fita sai da wasu wuƙaƙen na ko-ta-kwana a aljihu, tare da makullin kwance su. Wasa su da hannu kuwa, ya ce a bar wa masu sana'ar.

Akwai na hannu, irin wanda garin Mora na ƙasar Suwidin ya yi suna a kai, akwai mai fetur, mai gas, da mai batir wanda yanzu ya fi yawa. Kowanne da lalurarsa. Sanyi yana zuƙe ƙarfin batir, shi ya sa ake ɓoye shi cikin riga har sai za a yi aiki, kuma ba a yi masa caji yana daskare. Mai fetur, idan kaka ta wuce, sai a tsiyaye man ko a zuba masa maganin hana lalacewa, in ba haka ba ya toshe injin kafin baɗi. Faɗin baki ma zaɓi ne: inci 6 ya fi sauƙin juyawa, 8 shi ne na kowa, 10 na manyan kifaye ne, amma raminsa yana iya haɗiye ƙafar yaro.

Masu sayen mahuji sun fi tambayar ramuka nawa yake hudawa da caji ɗaya. Ni tambayar da na fi ganin amfaninta ita ce, yaushe rabon da a duba bakinsa. Duk wanda zai fita kan tafki ranar Asabar, ya kamata ya zare kuben tun daren Juma'a, ya duba wuƙaƙen a ƙarƙashin fitila, ya ƙara ɗaure kusoshinsu.